Man Barkonon Baƙuwa

A ƙauyenmu na kusa da Sinnar, Kakata ba ta yin tatsuniya hannu sake. Bayan magariba za ta ɗora kasko a kan gawayi, ta zuba man riɗi, mu jikoki mu kewaye ta. Busasshen barkono yana cikin kwano, ta daka shi tun la'asar da tafarnuwa da citta da gishiri. Ba ta yarda mai ya yi hayaƙi. Sai ta sauke shi ya ɗan huce, ta tsiyaya a hankali a kan garin barkonon. Ya yi cuuu, mu yi ta atishawa, ita tana dariya. Larabawa maƙwabtanmu shatta suke ce masa.

Wata rana tana juyawa ta ce, "Ga ta nan da zafinta, ku tara hannu."

Wai wata baƙuwa ce ta sauka a garin da abincinsu lami ne. Ta haɗa musu man barkono, gari ya ɗauka, ba a biki sai da ita. Ran nan ɗan mai gari ya yi haɗama, ya kamfaci cokali uku, ya ƙware har ya faɗi. Aka ce guba ta sa. Aka kore ta da rana tsaka, aka riƙe kaskonta. Da suka gwada yi da kansu, barkono ya ƙone, gari ya kwana tari.

Na ce, "Sai suka je suka ba ta haƙuri?"

"Ina! Cewa suka yi ta yi musu sammu."

Na miƙe tsaye. "Wallahi wannan ba tatsuniya ba ce! Ki gyara ta, Haboba!" Haka muke kiran kaka da Larabci.

Ta dube ni ta ce, "Zamna, ɗiyata. Mi zan gyara? Hakanan ta faru."

Na yi fushi na ƙi cin kisra, gurasarmu ta dawa, a ranar. Duk tatsuniyoyinta azzalumi yana ganin sakayya, ban da wannan.

Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta faɗa mini asalin labarin. Kaka ta yi shekaru tana girki a gidan wani mai gonar auduga a yankin Jazira. Kowane baƙo sai ya yabi shattarta, amma kwanonta daban ake ajiyewa. Da ɗan mai gidan ya yi ciwon ciki, ba a nemi likita ba, ita aka nuna. Aka kore ta, ta fito da goyon mahaifiyata a baya, ko mayafinta ba su bari ta ɗauka ba.

Na taɓa kai wannan man kasuwar Wad Madani. Wata mata ta ɗanɗana, ta lumshe ido, sannan ta tambaye ni da Larabci yaushe za mu koma ƙasarmu. Na ce mata a ƙasar nan, a bakin kogin da ya ratsa garin nan, aka yanke cibiyata, a nan aka yanke ta uwata. Na karɓe kwalbar daga hannunta.

Yanzu na gane abin da ya hana Kaka ƙawata ƙarshen. Ba ta so mu taso muna jiran ranar da za a zo ba mu haƙuri. 'Ya'yana ma haka nake ba su ita. Ƙaramar takan yi kuka ta ce ba adalci, ni kuwa ba na lallashinta.