Itacen Ya Falmata Ba Ya Son Ruwa

A unguwarmu a Haɗeja babu wanda bai san Ya Falmata mai bandar kifi ba. 'Yar Baga ce, can bakin tafkin Chadi, aure ya kawo ta garin nan shekara talatin da wani abu da suka wuce. Mijinta Mala falke ne, yakan loda banda a kwalaye ya kai har Jos. Ni ɗinki nake yi, ƙofar gidana tana kallon tata, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Mace ce mai tsabta har ta ba mutum haushi. Kullum tana cikin hayaƙin banda, amma in ta gifta ƙanshin turaren wuta za ki ji. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta iya roƙo ba. Ko gishiri ne ya yanke mata, gara ta ci lami da ta leƙa maƙwabta.

A tafiyarsa ta ƙarshe, Mala ya dawo mata da wani ɗan reshe a gwangwanin madara, ganyensa sirara kamar allura, ga ƙanshi. Ya ce sunansa rosmari, ana jefa shi a shayi da gasasshen nama. Damina ba ta fita ba ya kwanta ciwo, Allah Ya karɓi abinSa. Reshen nan shi ne abu na ƙarshe da ya miƙa mata da hannunsa.

Mu mutanen fadama, a wurinmu ruwa ne maganin kowace shuka. Shinkafa ta yi yaushi, a ƙara ruwa. Alkama ta yi ja, a ƙara ruwa. To wannan itace ba haka yake ba, jiƙa ce ajalinsa. Sau biyu Ya Falmata ta kusa kashe shi kafin ta gane halinsa. Ta samo tsohuwar randa ta huda gindinta, ta zuba tsakuwa, ta cika da yashin kogi da 'yar ƙasa kaɗan, ta ɗora a kan baro. Ba ta ba shi ruwa sai ta tura yatsa ta ji ya bushe har gaɓa ta biyu. Da bazara ta tura shi inuwar darbejiya, da damina ta shigar da shi rumfa. Shekarar da ambaliya ta shigo unguwa, kowa na ceton katifa da buhun gero, ita baronta muka ga tana turawa cikin ruwa har gwiwa. Mun yi mata dariya har muka gaji, ko a jikinta.

A shekara tara ya kai mata ƙugu. Ba ta rowarsa, amma da hannunta take tsinka, kan reshe mai taushi kawai, tsawon yatsa. Ta ce in aka sare shi har tsohon itace ba ya sake tofowa. Da yawanmu ta dasa mana, duk muka kashe. Nawa kwana tara ya yi, na shayar da shi har lahira. Haka aka wayi gari nata kaɗai muka sani a garin.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da 'Yar'azumi mai kitso, aminiyarta tun zuwanta garin. Ita ta yi wa 'ya'yanta wankan jarirai, ita ta zauna da ita har ta fita takaba. Don haka da Hafsat 'yar Ya Falmata ta haifi tagwaye a Miga, za ta je ta zauna mata har arba'in, ba ta yi dogon tunani ba. A gabana ta damƙa mata makulli.

"'Yar'azumi, amana ce. Kofi ɗaya ranar Juma'a, in yashin ya bushe. Kada ki ji tausayinsa ki ƙara."

"Haba Yaya, sai ka ce yau na san shi? Je ki hankali kwance."

A daidai lokacin ne aka fara yayatawa a waya cewa ruwan dafaffen rosmari yana fito da gashi. 'Yan mata suka haukace. Mako na farko na ga 'Yar'azumi ta fito daga gidan da abu a ƙarƙashin mayafi, na kawar da kai, na ce ba ruwana. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan shirun. Mako na biyu sai ga 'yan kitso suna fita daga gidanta da kwalabe. Kafin a yi wata ta aske itacen tas, ta bi har da wuƙa, saura kututture.

Daga nan tsoro ya kama ta. Sai ta yi irin lissafinmu: ai zogale ma sare shi ake yi ya tofo, in dai ya sami ruwa. Ta kwaɓa laka ta toshe hudar randar, ta riƙa kwarara masa bokiti safe da yamma don ya yi ganye kafin mai shi ta dawo.

Ranar da Ya Falmata ta sauka muka shiga yi mata barka da hanya. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi rumfa. Ta tarar da kututture tsaye a caɓi, har gansakuka ta yi kore a sama.

"Akuya ce ta faɗo ta katanga, Yaya," in ji 'Yar'azumi, idonta a ƙasa.

Ya Falmata ta shafa wurin saran, sumul. Akuya dai ba ta yawo da wuƙa. Ta kama kututturen ta ja, ya fito ba gardama, saiwar ta yi baƙi tana wari. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ni ce ma na ji kamar in shaƙe wata.

Washegari da hantsi ta ce in raka ta. Matar da ba ta taɓa roƙon gishiri ba, ta yi sallama a gidan 'Yar'azumi, ta tsaya a tsakar gida. Akwai wata a zaune an raba mata kai rabi, ƙanshin nan ya cika ko'ina.

"Ban zo faɗa ba," ta ce. "Ɗanyen reshe ɗaya nake roƙo, ko tsawon yatsa ne, in sa a yashi ko Allah zai sa ya kama. Duba min, don Allah."

'Yar'azumi ta ce, "Wallahi Yaya, duk na dafa."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwalba, ruwan ciki ja-ja. "Ga wannan, ita ce ta ƙarshe. Ke ba sai kin biya ba."

Ya Falmata ta daɗe tana kallonta, hawaye na bin tsagen fuskarta.

"Da kin tambaye ni, da na nuna miki inda ake tsinka. Da yanzu muna da shi, ni da ke."

Ta juya ta fita, ta bar ta da kwalbar a hannu. 'Yar'azumi ta ajiye ta a gefen tabarma, ta ɗauki tsinke ta koma kan kitsonta.