Babur ɗin Kakana da Rufin Ɗakin Haihuwa

Shekarar da iska ta yaye rufin ɗakin haihuwa na ƙauyenmu, can gefen Badaguishiri, ina Birnin Konni ina tsaron shagon kawuna, ina karanta littattafan soyayya ba ji ba gani. Da na je ganin ɓarnar, sai na tarar da ungozomar asibitin tsaye a tsakiyar ɗakin, rana tana zuba a kan mayafinta.

"In damina ta sauka a haka, ina mata za su haihu?" in ji ta.

Da maigari take magana. Amma kafin ya gyara murya, ni zuciyata ta riga ta ɗauki alkawari.

Akwai wani Anasara injiniya a Malbaza da direbobin siminti ke yi wa dariya, wai tsofaffin babura yake saye da tsada. Mu kuwa muna da na kakana a zaure, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Na tura masa hoto. Ya ce in babur ɗin ya tashi zai biya abin da zai rufe ɗakin duka, amma kada a taɓa tsatsarsa da ɗan sauran fentinsa na asali.

Rani guda na yi a garejin wani makanike. Mun tsallaka iyaka neman fistin ɗin injinsa, baduku ya ɗinka sirdi da jar fata, fitila kuwa a wurin mai gwangwan muka tono ta. Ina wanke ƙarafa da kananzir, ina hango kaina na iso ƙauye bayan motar kwanon rufi, ungozomar kuma ta sunkuyar da kai, hawaye na bin kumatunta. Ranar da babur ɗin ya tashi, tari ya yi ta yi irin na tsoho mai shan taba. A kunnena sarewa ce.

Na garzaya ƙauye in yi mata albishir. Tana wanke hannu ta ce, "Allah ya sa," ba ta ko waiwayo ba. Na ce kunya ce.

Na dawo ranar da Anasaran zai zo ciniki na iske 'yan ƙungiyar ƙauyenmu mazauna Konni sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar shago. A tsakiya ga wani abu kore shar yana ƙyalli, da furannin roba a madubi. An naɗe sirdi da tanki da leda, yadda kowa ke barin ledar sabon babur don a san sabo ne.

"Kawu, mi aka yi mishi?"

"Rufa ma asiri muka yi, ɗana. Baƙo zai zo tun daga Malbaza, mu nuna mishi tsatsa? A ce mutanen garinmu matsiyata ne?"

Anasara ya iso, ya zagaya shi, ya ɗaga leda da yatsa, ya tambayi ina tsohon yake. Kawu ya bugi ƙirji ya ce ai shi ke nan, ko wanda ya ƙera shi ba zai gane shi ba. Baƙon ya ce gaskiya ne. Ya sha lemon da aka ba shi, ya shiga mota.

Wani ɗan kabu-kabu mai haya da babur ne ya taya daga baya, don koren ya burge shi. Muka sayar masa, kuɗin suka saya mana rabin rufi.

Muka kai kwano ana saura kaɗan ruwan farko. Ungozoma ta sa aka ja gadon haihuwa zuwa ɓangaren da aka rufe, ta jera bokitai a ɗaya ɓangaren. Sannan ta taho wajenmu tana murmushi. Na gyara hula. Ta wuce ni, ta durƙusa gaban Kawu.

"Baba, Allah ya saka da alheri. An ce ba don fentin da ka sa ba, da ba wanda zai ko kalle shi."