Rantsuwar da Na Karya a Gaban Likita

A lokacin ni malamar firamare ce a Sabon Gari, bazawara, ina zaune gidan mahaifina a Fagge. Ni ke dafa masa abinci marar gishiri, ni ke ba shi magani, don ciwon hanta ya ci ƙarfinsa, ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya. Baba tsohon malamin Arabiyya ne, ga kafiya kamar me. Sau biyu ya taɓa rikicewa yana sambatu. Likitoci suka ce dattin da hanta ta kasa tacewa ne ke hawa kansa, suka ba shi wani maganin ruwa mai sa zawo, ya dawo hayyacinsa. Shi ke nan muka ɗauka mun haddace ciwon.

Wata Laraba da hantsi, ana hutun makaranta, santsi ya kwashe shi wajen alwala, kansa ya bugi bakin rijiya. Ni kaɗai na gani. Ya miƙe, ya danna hula a kan ƙulun da ya fito masa, ya sa na rantse da Allah ba zan gaya wa kowa ba, don ya san yayyena za su hana shi zuwa masallaci. Ni kuwa sakarya na rantse.

Bayan mako guda ya sake rikicewa. Muka sa shi a adaidaita sahu sai ɗakin taimakon gaggawa. Likitar da muka tarar ta tambaya ko ya faɗi ko ya buge kai kwanan nan, ta ce in haka ne sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, in ba haka ba za a fara da maganin da aka saba. Ƙulun ya riga ya sace, ba abin da ido zai gani. Babban yayanmu ya amsa cewa bai faɗi ba, kuma a gidanmu in ya yi magana ba a ɗora wata a kai. Ina tsaye riƙe da takalman Baba, na ja bakina na yi gum. Wallahi wannan shirun shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Kwana biyu ana ba shi magani, Baba sai ƙara nutsewa yake cikin barci. A rana ta uku na kama hannunsa na dama, na ji shi sharaf, ba ya riƙe ni. Nan na tare likitar a gaban kowa na faɗi komai. Yaya ya taso mini, wai na ƙaryata shi a bainar jama'a. Gwaggonmu ta dafe ƙirji ta ce mai karya rantsuwa da Allah ba ya gamawa lafiya. Na ce mata na ji na gani, in bala'i ne ya sauka a kaina, amma yau sai an duba kan ubana.

Hoton ya nuna jini ya taru a cikin ƙoƙon kansa. Likitar ta ce jinin mai ciwon hanta ba ya saurin daskarewa, ɗan bugu kaɗan sai ya yi ta tsiyaya a ɓoye. Aka yi aiki, Baba ya rayu, amma hannun bai dawo ba, ya daina riƙe alƙalami. Wannan alhakin na ɗauka, nawa ne.

Amma karya rantsuwar, ko kusa ban yi nadama ba. Na ciyar da miskinai goma kaffara, kuma gobe ma in ta kama zan sake. 'Yan'uwa masu jinya, in mai ciwon hanta ya rikice, kada ku ce ai na kullum ne. Ku faɗa wa likita ko tuntuɓe ya yi, ko wa zai ji haushi. Har yau in na gaida Baba sai ya kau da kai, ya amsa a daƙile. To ya yi ta fushinsa, ni dai ina da uban da zan gaisar.