Siket ɗin Barira Tela

Duk Durumi an san Barira tela da hali ɗaya: ba ta ɗinka wa mace kaya cif-cif. Sai ta bar yadi kamar faɗin yatsa uku a cikin ɗinkin, wai jikin mace ba ya zama wuri ɗaya. 'Yan mata su yi ta mita, ita ko a jikinta.

Shekara huɗu da suka wuce aka yi mata aiki, aka cire mata ƙari a mahaifa. Likita ta ce ta riƙa zuwa ana dubawa, don abin yakan dawo. Barira ta ce to, ta jefa katin asibitin cikin gwangwanin maɓallai. A ganinta abin da aka yanke aka fitar ai ya tafi ke nan.

Bana sai siket ɗinta ya fara matse ta. Ta farke ɗinkin ta saki yatsa ɗaya, bayan wata biyu ta saki sauran biyun. Maƙwabta har sun fara yi mata sannu da wani irin murmushi, don shekararta tara da aure ba haihuwa. Ita kuwa ta san ba ciki ba ne, ga zubar jini kamar da. Tsoro ne ya rufe mata baki, don an ce mata in ya dawo, mahaifar gaba ɗaya ake cirewa.

Ranar da ta farke siket ɗin ta ga babu sauran abin saki, ta kifa kai a kan keken ɗinki ta yi kuka mai isarta. A haka mijinta Manniru, direba a Maitama, ya same ta. Ta gaya masa komai. Ashe shi ma ya ɗauka ciki ne.

Sai ya ce, “Ɗauko mayafinki.”

Suka tafi asibiti tare. Bayan an yi mata hoton mahaifa, likita ta ce, “Madam, ya dawo, guda biyu ne. Amma wa ya ce miki mahaifa za mu cire?”

“Matan layinmu.”

“Su suka duba ki? Za mu tsayar da jinin, mu cire ƙarin, mu bar miki mahaifarki. Haihuwa ta Allah ce, amma kada ki fid da rai.”

Barira ta dafa mararta. “Dakta, don Allah sake faɗa, maigidana bai ji ba.”

Ya ji sarai. Ita ce jin sau ɗaya bai ishe ta ba.