Kawu Ɗan'iya da Iskar Kwalba

Duk wanda ya san Kawu Ɗan'iya maƙeri ya san ba ya barin garin ƙarfe a ƙasa. Da ya gama goge lauje da magagari sai ya durƙusa da gashin kaza yana sharewa, ya juye a gwangwanin madara. Na baƙin ƙarfe daban, na tagulla daban, na alminiyam da yake roƙowa wurin masu zubin tukwane daban. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ya raba ni da shagona. To, da hannuna a ciki, na sani, ba sai kun tuna min ba.

Maganarsa kullum: "Ƙarfe baƙo ne, iska ce mai masaukinsa. Yadda ta karɓe shi haka yake cin wuta." Sai ya barbaɗa garin a garwashi, shiru. Ya kama zuga-zugi ya hura, ya sake barbaɗawa, tartsatsi ya tashi. Ya kalle ka kamar shi ya halicci taurari.

Ranar sunan jikan maƙwabciyarmu Hajiya Laure aka kira shi gyaran hannun tukunya. Yana gamawa ya watsa garin tagulla a murhun shinkafa. Wuta ta koma koriya shar! Mata suka watse: "A'uzu billahi! Mutanen ɓoye!" Kowa ya ƙi shinkafar. Kawu ya ja tukunya gabansa.

Na ce, "Kawu, ba kunya?"

Ya ce, "Almubazzaranci ne haram, Habu. Miƙo yaji."

Ni kuma wayayye, mai aji biyu a sakandare, na sayar da gonar gadona na buɗe shagon walda a Ɗambatta, har da allo an rubuta "Injiniya". Ranar kasuwa sai ga Kawu, aljihu na ƙarar gwangwanaye. Ya zagaya doguwar kwalbar gas da nake yankan ƙarfe da ita.

"Mene ne a cikin nan?"

"Iska ce, Kawu. Tatacciya, ba gauraye."

"Tatacciya? Ashe baƙona bai taɓa sauka gidan mai kuɗi ba!"

Mai hankali cewa zai yi Kawu zauna ka sha fura. Ni na kunna wutar walda, na murɗe kan kwalba har ƙarshe, na ce, "Zuba na alminiyam ɗin duka, ka ga abin da ya fi zuga-zuginku."

Jama'a! Wani farin haske ya tashi, har da ido a rufe ina ganinsa. Rumfa ta kama, tayoyin mai facin da ke maƙwabtaka suka kama, gemuna ya bi su. Allah ya sa aka janye kwalbar. Muna tsaye cikin toka, Kawu ba gira ko ɗaya, ya dafa ni ya ce, "Ka gani? Mai masauki ta yi karamci!"

Bai taɓa ce min yi haƙuri ba. Da na dawo ƙauye ba gona ba shago, sai kawai ya matsar da kujerarsa a maƙera ya ce zauna. Har yau ina nan, injiniyan fartanya.

Da ciwo ya kwantar da shi ya jawo rigata. Na ce a raina yau za a ba ni haƙuri. Na kai kunne.

Ya ce, "Habu, amma dai ka ga hasken nan?"

Na ce, "Na gani, Kawu."

Wallahi na gani, kuma ban ƙara ganin irinsa ba. Na yafe shagon. Allah ya jiƙan Kawu, ya cika masa kabarinsa da haske mai sanyi, amin.