Juwairiyya Mai Tumatirin Jarka

Kafin rana ta ɗaga, Juwairiyya ta riga ta zagaye jarkokinta. Suna jere a bayan ɗakinta, a wani ƙauyenmu kusa da Wad Haddad a yankin Jazira, kowace an naɗe ta da tsohon buhu don kada ruwan ciki ya yi zafi. A bakin kowace jarka tumatir ne tsaye, an tallafe shi da soso, saiwarsa tana reto cikin ruwan da aka narka wa taki. Ƙasa ko ta shafawa babu. Takan ɗaga kowanne ta leƙa saiwar, ta mayar, ta girgiza furen da yatsa. Wanda ya nuna ta tsinke, ta kai takiyya, wato girkin taimako da matan unguwa suka kafa tun da yaƙi ya iso Jazira. A can take yanka shi ta kwaɓa da dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, ko ta soya miyar da ake ci da kisra, siririyar wainar dawa.

Ba sha'awa ce ta sa ta fara ba. Magudanar da ke shayar da gonakinmu ta ƙafe, masu kawo iri suka daina zuwa. Duk abin da ya rage na irin tumatirin garin ɗan ƙulli ne a bakin mayafinta. 'Yarta Widad, wadda ta karanta noma a Madani, ita ta nuna mata dabarar kafin ta yi gudun hijira. Juwairiyya ta shuka ƙullin gaba ɗaya.

Shukar tana cikin fure aka yi mata rasuwa a Rufa'a. Ta bar wa ƙanen mijinta Maliki amanar jarkokin, mutumin da ya tsufa yana ban ruwa. Mu mutanen Jazira magani ɗaya muka sani: shuka ta yi yaushi, a buɗe mata ruwa. Maliki ya leƙa ya ga ruwan ya ragu, ya cika kowace jarka har baki. Ganye ya langaɓe, sai ya ƙara. Da jaki yake ɗebo ruwan daga nesa, bawan Allah, yana ganin alheri yake yi.

Waɗanda ke wurin sun ce da ta dawo ba ta ɗaga murya ba.

"Maliki, mi ka yi musu?"

"Wallahi moya kaɗai na ƙara, Yaya. Na ga sun sha rabi."

"Rabin nan da gangan aka bar shi, ya zol, bawan Allah. Saiwar sama iska take sha. Ka shaƙe su."

"Ma'alesh, Yaya, ki yi haƙuri."

"Kalas, ya wuce. Ɗauko kwano mu rage."

Uku suka rayu. Da suka nuna, an daɗe ana dafa miya fara a takiyya. Sakinatu, mai kula da tukwane, ta zo da kanta.

"Hajja, ko biyu ki ba mu, miya ta yi ja."

"Waɗanga ba na tukunya ba ne, Sakinatu. Na iri ne."

An yi gunaguni sosai, har da masu cewa rowa ce. Ta bar su suka nuna luɓus, ta matse 'ya'yan, ta shanya a kan ƙyalle a inuwa. Da suka bushe ta bi gida gida tana rabawa, ta ce kada irin gari ya sake kwana a hannun mutum ɗaya.

Juwairiyya, ke ce kika iya hana mai yunwa abin da ke hannunki saboda yunwar baɗi, kika shanye zagin. Ke ce kika koya wa tsohon manomi cewa ruwa ma yana kisa, ba tare da kin kunyata shi ba.

Yanzu gwiwa ta hana ta durƙuso, ta ce wannan kakar ce ta ƙarshe. Mun gode, Hajja, Allah ya saka da alheri. Wanda ya karɓi iri a hannunta, ya ware nasa kason ya ba maƙwabci kafin ya ɗora tukunya. Ruwa ya dawo magudana, gonaki sun yi kore, kuma duk tumatirin da muka ci bana a garin nan jikokin waɗancan ukun ne da ta hana mu.