Albasar da Ta Riƙe Gwaggo

A gidan nan na saman bene ba mai kiranta da sunanta na yanka. Yara su ce Gwaggo, ƙaninta da matarsa su ce Yaya, mahaifiyarta kuwa sai dai ta ɗaga murya daga ƙuryar ɗaki ta ce, "Ke!" Kowa ya san da wa take.

Tela ce fa, ba kuku ba, abin haushin ke nan. Kafin ta zo gidan tana da kekenta a wani ɗan shago da suka haɗa da ƙawarta, wata mai dariya da ƙarfi da ake kira Doguwa. Aurenta ya mutu tun da wuri, ba ɗa ba jika, ta rungumi kekenta ba ta nemi tausayin kowa ba. Sai ga ciwon sukari da hawan jini sun haɗa kai sun kayar da Inna. Da aka sallamo ta daga asibiti, Auta, wato ƙanin Gwaggo mai aikin wayar lantarki, ya kawo tsohuwar gidansa, ya kuma buga wa yayarsa waya: "Yaya, ki zo ki ɗan kama mana kafin ta miƙe." Ɗan kamawar nan, jaririn Auta da ke goye a lokacin yanzu shi ke ɗaure igiyar takalminsa ya tafi makaranta.

Likita ya hana Inna kusan duk abin da ke sa abinci daɗi. Ban da kitse, ban da dunƙule, gishiri sai ɗan barbaɗe, mai kuwa cokali guda. Kayan lambu kawai: kabeji, karas, alayyafo, kabewa, koren wake, yalo. Inna ta leƙa kwanon farko ta ture, ta ce ita ba akuya ba ce. Ta shiga ramewa a idon kowa, wuyan rigarta na zamewa daga kafaɗa, Auta ya rasa inda zai sa kansa.

Albasa ce ta ceci tsohuwa. Gwaggo ta gano cewa in aka yanka ta siri-siri, aka zuba a cokalin man nan, aka rage wuta har kamar za ta mutu, aka tsaya ana juyawa ba gaggawa, sai albasa ta saki jiki: ta yi laushi, ta koma ruwan zuma, ta fid da wani zaƙi da ƙamshi da ke mantar da mutum rashin nama. Jar albasa ga kabeji da yalo, fara ga kabewa, lawashi kuma a yayyanka a watsa kan alayyafo bayan an sauke. Amma fa aikin tsayuwa ne. Ka juya baya don amsa sallama, ta kama. Ka ƙara wuta don ka huta da wuri, ta yi ɗaci. Ranar da ta fara yin haka da kabeji, Inna ta cinye tas, ta suɗe yatsa, ta ce daga yau ba ta cin girkin kowa sai na 'yarta. Gida ya ɗauki murna. Gwaggo ma, baiwar Allah, har da ita ake murnar, ba ta san ƙofa aka janyo mata ba.

Kicin ɗin, in ka miƙa hannuwa ka taɓa bango da bango. Taga guda ce, can sama, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Risho a kan teburi, kwandon albasa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, da katakon yanka wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda wuƙa. Inna na shan magani safe da rana da yamma, kuma kowane magani sai an bi shi da abinci mai zafi, don ɗumame ma ba ta ci. Saboda haka ko gaisuwar mara lafiya Gwaggo ta je, zaman ɗosane take yi, ido na kan agogon bango. Sau ɗaya ta gwada karɓar ɗinkin wata maƙwabciya, matar ta karɓi rigarta ta shinshina, ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, wannan sawa zan yi ko ci?" Tun daga nan aka lulluɓe keken a baranda, ya zama wurin ajiye filas da kofuna.

Yabo kuwa, tana shan shi har ya gundure ta. Baƙo ba ya zama Auta bai ce, "Hannun Yaya daban ne, Allah ya yi mata baiwa" ba. Ita kuma ta yi murmushi, ta koma ta ɗora tukunya. A ranta ta tsani yabon nan. Ta gaji, gajiya irin wadda barci ba ya magani, kuma ba wanda za ta faɗa wa, don wa zai ce ya gaji da ciyar da uwarsa a dube shi da mutunci?

Ana cikin haka Doguwa ta kira. Ta kama babban shago a wata unguwa mai nisa, an ba ta ɗinkin kayan 'yan makaranta, aiki ya fi ƙarfinta. "Akwai ɗaki a bayan shagon," in ji ta, "da gado, da taga mai kallon titi. Ki kwaso kekenki ki zo. Amma don Allah kafin ƙarshen wata, in ba haka ba dole in ɗauki wata, ba don ina so ba." Gwaggo ta ajiye waya. Taga mai kallon titi! Ita dai wannan ce ta tsaya mata a rai.

Ta sami Auta yana kwance wata tsohuwar fanka a tsakar falo, ta faɗa masa. Bai musa ba, ai da ya musa da ta sami abin faɗa.

"Wa zai hana ki, Yaya? Kin yi mana abin da ba za mu iya biya ba. Sai dai Inna fa? Kin san halinta. Ki koya wa Malama. Ranar da ta girka Inna ta ci, wallahi ni da kaina zan kai ki."

Malama ita ce matarsa, tana koyarwa a firamare. Mace ce da kallo ɗaya take yi aji guda ya yi tsit, allo kuwa in ta yi rubutu kamar an buga da inji. Amma aka ba ta wuƙa da albasa, sai ka rantse ba ta taɓa ganinsu ba. Ta yanka ɓaro-ɓaro kamar za a ba doki. A ce rage wuta, ta murɗa ta ƙaru. A ce juya, ta tsaya amsa waya. Yau ta ƙone, gobe ta fito ɗanya tana ƙaras-ƙaras, jibi gishiri ya zarce.

"Wayyo Yaya, ni kam kaina ba ya ɗauka," take cewa tana yarfe hannu. "Ke Allah ya ba."

Inna kuwa loma ɗaya take kaiwa ta tofar a tafin hannu. "Wa ya yi wannan? Kashe ni za ku yi?" Sai Gwaggo ta koma ta ɗora wata. Har laifin kanta ta riƙa gani, wai ko ita ce ba ta iya koyarwa ba. Ta kama hannun Malama da nata ta nuna mata riƙon wuƙa, ta sa ta saurari ƙarar da albasa ke yi in wuta ta yi daidai, wani ɗan shuuu a hankali, ba tsalle ba fantsama. Ina! Watan na ta ƙarewa, tana kallonsa yana tafiya.

Ranar karɓo maganin Inna ta zo, ta kuma faɗo a ranar da ba makaranta. Gwaggo ta ba Inna na safe, ta fita da niyyar dawowa kafin na rana. A asibiti ta tarar da layi har bakin ƙofa, mai ba da maganin kuma ya fita, wai yanzu zai dawo. Yanzun nan ta kai har rana ta karkata. Ta fito tana sassarfa, don ta san abin da yunwa ke yi wa mai sukari.

A kan matattakalar bene ƙamshi ya tare ta. Albasa ce, an yi mata wuta a hankali, ta kai inda ake so ba ta wuce ba. Gwaggo ta ce a ranta, oh, ashe akwai wadda ta iya a gidan nan, wace maƙwabciya ce? Tana hawa ƙamshin na ƙaruwa. A ƙofarsu ya tsaya.

Ta tura ƙofar kicin. Malama ce tsaye, ɗankwali ɗaure tamau, tana juya kabeji da karas da hannu ɗaya, ɗayan na rage wuta ba tare da ta duba ba. A kan katako ga ragowar albasa, siri-siri, kowace kamar 'yar'uwarta. Irin yankan nan ba a koyonsa a wata guda.

Malama ta waigo. Ludayin ya tsaya a hannunta.

"Inna ce ta fara gumi tana karkarwa," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na ba ta shayi mai ɗan sukari ta dawo hayyacinta, amma ta ƙi burodi. Na ji tsoro, Yaya."

"Tun yaushe kika iya?"

Malama ta koma juya kabejin. Sai shuuu ɗin tukunya.

"Tambayarki nake. Tun yaushe?"

"Tun ina taka kujera kafin in kai tukunya. Ni ce babba a gidanmu, mahaifiyarmu ba lafiya. Da ƙyar na fita daga kicin ɗin can na yi karatu." Hawaye ya taru mata, ba kuma na albasa ba. "Ƙaninki ya riga ya faɗa mini, Yaya. In kika tafi, barin makaranta zan yi in zauna da Inna. Ajina fa? Yarana fa?"

Gwaggo ta matso kusa da ita. Ta so ta kwaɗa mata mari, wallahi ta so. Duk albasar nan da aka ƙona da gangan, duk daren da ta kwanta tana zargin kanta! Amma ta dubi matar, ta ga tsoron da ke idonta irin nata ne sak, sai hannun ya ƙi ɗaguwa. Kicin ɗin ya yi musu kaɗan su biyu, kafaɗa na gogar kafaɗa.

"Ki rufa mini asiri," in ji Malama. "Ki kai mata, ki ce ke kika yi."

"Ni kuma wa zai rufa mini nawa?"

Kafin a amsa sai ga sallamar Auta, ya dawo cin abinci. Gwaggo ta zuba a kwano ta kai ɗakin Inna, shi ma ya ɗebi nasa ya bi su ya zauna a bakin gado. Malama ta tsaya jikin ƙofa. Inna, wadda idonta ya yi rauni har ba ta gane fuska sai murya, ta laluba ta kai loma. Ta tauna. Ta ƙara. Ba ta ɗago ba sai da ta ga ƙasan kwano.

Gwaggo ta jira har ta sha ruwa. Sannan ta ce, da murya sarai yadda kowa zai ji, "Inna, ba ni na yi ba. Malama ce ta girka. Auta, ka ji, ka kuma gani. Ta ci."

Auta ya dubi kwanonsa, ya dubi matarsa, sai ya fashe da dariya har yana ƙwarewa.

"Kai, Yaya! Son tafiya har ya kai ki ga haka? Malamar da jiya ta ƙona mana tukunya? Ko a duhu aka ba ni girkinki na san shi."

"Na rantse maka..."

"Ke, rufe mini baki," in ji Inna. "Ni za ki yi wa wayo? Ni na haife ki. Hannun 'yata ne wannan, yau ma har ya fi na kullum."

Gwaggo ta juya ga Malama. Kalma ɗaya take nema, ɗaya tak. Malama ta sunkuya ta ɗauki kwanon Inna da na mijinta, ta ce bari ta kai wanke-wanke, ta fita.

Inna ta laluba ta kamo wuyan hannun Gwaggo. Tsohuwa ce, amma riƙon nata da ƙarfi.

"Irin na yau nake so. Gobe ma haka za ki yi mini, kin ji ko? Kada ki koma mini na da."

Washegari da safe Gwaggo na tsaye a kicin, ta ɓare albasa ta jera a kan katako, ta kasa sa wuƙa. Ta ɗanɗani ragowar jiya, ta san akwai abin da ba nata ba a ciki, ta juya shi a baki ta kasa kamo shi. Malama ta zo wucewa, jaka a kafaɗa, littattafan yara a hannu, tana sauri kada su haɗa ido.

"Malama."

Ta tsaya cak, ba ta waigo ba.

"Me kika sa a ciki?"

Malama ta gyara jakarta a kafaɗa. "Rabin albasar a farko, Yaya. Rabin kuma sai an kusa saukewa. Da ɗan ruwan lemon tsami."

Ta fita ta ja ƙofa. Gwaggo ta ji takunta na sauka har ya ɓace a cikin hayaniyar titi. Ta raba albasar gida biyu, ta duba kwando, ba lemon tsami ko ɗaya. Daga ƙuryar ɗaki murya ta taso.

"Ke! Har yanzu ba a ɗora ba?"